Ƙanina ya ce da takobi aka yaɗa Musulunci, gida ya rikice

Wata baiwar Allah ce ta turo wannan saƙon: "Assalamu alaikum. Dan Allah shawara nake nema. Ƙanina yana aji uku a jami'a, ya zo hutu, muna hira da daddare sai ya ce wai shi ya karanta cewa da takobi aka yaɗa Musulunci, da ba don yaƙi ba da bai wuce Makka da Madina ba. Na daka masa tsawa na ce ya yi istigfari, magana ta kai kunnen Baba, Baba ya ce in ya sake faɗa ba zai koma makarantar ba. Yanzu ya daina kula kowa, yana sallah amma a ɗaki shi kaɗai. Abin da ya fi damuna shi ne da ya tambaye ni to me ya sa cikin shekara ɗari Musulunci ya kai har Andalus (yankin Sifen ta yau), wallahi ban da amsa, ni kaina abin ya tsaya min a rai. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko dai ki kwantar da hankalinki, yaron nan yana sallah, kuma duk gidan ke ya zaɓa ya faɗa wa abin da ke cin sa, wannan ba halin wanda ya juya wa addini baya bane, halin wanda ya ji magana ta girgiza shi ne yake neman wanda zai ba shi amsa. Tsawar da kika yi na san tsoro ne ya kawo ta, amma shi a kunnensa abin da ya ji shi ne babu amsa, kuma wannan ya fi tambayar kanta haɗari. Alhali akwai amsa, kuma ba sai an yi ƙarya ko an ɓoye wani abu ba.

Inda ƙaninki ya harɗe, kuma mutane da yawa a nan suke harɗewa har da masu kare addinin, shi ne an haɗa abu biyu an mayar da su ɗaya. Akwai faɗaɗar mulkin Musulmi, akwai kuma shigar mutane Musulunci. Na farko da sojoji aka yi shi, da sauri kuma, wannan babu musu. Na biyu kuwa ɗaruruwan shekaru ya ɗauka, a hankali a hankali, kuma wurare da yawa sojan Musulmi bai taɓa taka su ba. Ko mu nan mun san cin ƙasa daban canza addini daban, Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903 da bindiga, suka yi mulki har 1960, kakanninmu suna biyan haraji amma suna sallarsu. Mai ƙarfi yana iya karɓe gari a yini ɗaya, abin da ke zuciyar mutanen garin kuwa wani aiki ne daban.

Ki fara masa daga Makka. Shekara goma sha uku Annabi (SAW) ya yi yana kira ba runduna ba mulki, takobin ma a hannun Kuraishawa yake. Su waye suka amsa? Nana Khadija, Sayyidina Abubakar, Aliyu yana yaro, Zaidu, sannan bayi da marasa gata irin su Bilal da Khabbab da gidan Yasir, Sumayya ma kashe ta aka yi a kan ta ƙi komawa. Wasu sai da suka tsallaka teku zuwa Habasha wajen Najjashi, sarki Kirista, don su tsira da addininsu. Mutum ba ya barin garinsu da dukiyarsa a kan abin da aka tilasta masa, toh me suka gani? Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya faɗa a gaban Najjashi, cewa da suna bautar gumaka, suna cin mushe, suna yanke zumunta, mai ƙarfi yana cinye mai rauni, sai ga mutum daga cikinsu da suka san gaskiyarsa da amanarsa ya kira su ga Allah ɗaya da gaskiya da riƙon amana da barin cin dukiyar maraya. A cikin Bukhari kuma akwai hirar Hiraƙla sarkin Rum da Abu Sufyan tun Abu Sufyan bai musulunta ba, ya tambaye shi manya ne ke bin sa ko raunana, ya ce raunana, ƙaruwa suke ko raguwa, ya ce ƙaruwa, akwai mai fita don ƙin addinin bayan ya shiga, ya ce babu. Abokin gaba ne fa yake ba da wannan shaidar.

Madina ma ba da yaƙi aka shige ta ba. Saurayi ɗaya aka tura, Mus'abu ɗan Umair, yana bi gida gida yana karanta Alƙur'ani har shugabanni irin su Sa'adu ɗan Mu'azu suka musulunta jama'arsu ta biyo su, kuma garin dama ya gaji, Aus da Khazraj sun daɗe suna kashe juna, suna neman abin da zai haɗa su. Sai hijira a 622. Wani abu kuma da nake so ki nuna masa, a sulhun Hudaibiyya shekara ta shida bayan hijira mutanen da ke tare da Annabi kamar dubu ɗaya da ɗari huɗu ne, shekara biyu kacal bayan nan ranar buɗe Makka dubu goma ne. Abin da ya shiga tsakani ba yaƙi da Kuraishawa bane, ajiye makamai aka yi, mutane suka samu damar cuɗanya suna ji suna gani, a wannan tsakanin ne Khalid ɗan Walid da Amru ɗan Asi suka zo Madina da ƙafarsu.

Yanzu kuma ga inda bana so ki kauce, domin in kika kauce zai gane kuma ba zai ƙara yarda da ke ba. An yi yaƙi. Bayan wafatin Annabi a 632 Sayyidina Abubakar ya yaƙi ƙabilun da suka yi ridda da waɗanda suka hana zakka. Aka yi Yarmuk a 636 aka karya Rumawa a Sham, aka yi Ƙadisiyya aka karya Farisa, Amru ɗan Asi ya ci Masar zuwa 642, Uƙuba ɗan Nafi'u ya kafa Ƙairawan a 670, Ɗariƙu ɗan Ziyad ya tsallaka Andalus a 711. Yaƙi ne na gaske, an mutu, an kama bayi, an kwashi ganima, malaman tarihinmu da kansu suka rubuta haka basu ɓoye ba. Kuma mushrikan Larabawa na cikin tsibirin Larabawa hukuncinsu ya fi tsanani, Suratut Tauba ta ba su wa'adin wata huɗu, malaman fiƙihu da yawa kuma sun tafi a kan su ba a karɓar jiziya, wato harajin da wanda ba Musulmi ba yake biya ya zauna a kan addininsa, daga gare su. In ya kawo miki wannan kar ki ce ƙarya ne, ki ce haka ne, sannan ku ci gaba.

Me ya sa aka yi nasara da sauri haka? A matsayinmu na Musulmi mun yarda taimakon Allah ne, amma Allah yana yin abu da sababi, kuma sababan a bayyane suke. Rum da Farisa sun shafe daga 602 zuwa 628 suna gwabza yaƙi har suka tsiyata juna, shi ne yaƙin da farkon Suratur Rum ya ambata, Farisa kuma bayan an kashe sarkinta Kisra sai rikicin sarauta ya ɓarke a cikin gida. Kafin nan annoba ta sha cin biranen yankin tun daga 541. Sannan Kiristocin Masar da da yawa daga na Sham ba ɗarika ɗaya suke da sarkin Rum ba, tun taron majami'a na 451 suka rabu a kan aƙida, hukuma tana matsa musu, to ba kowa bane zai ba da ransa don kare irin wannan sarkin. A ɗaya ɓangaren kuma Larabawa ne da basu taɓa haɗuwa ƙarƙashin tuta ɗaya ba yanzu sun haɗu, sun saba da wahala da tafiyar sahara, sun yarda da abin da suke kai, wasu kuma gaskiya ganima ce ta fito da su, mutane ne ba mala'iku ba. Garuruwa da yawa ma sulhu suka yi, a bar muku rayukanku da dukiyarku da majami'unku ku biya jiziya, haka Baitul Muƙaddas ta miƙa wuya ga Sayyidina Umar.

Toh bayan an ci ƙasar sai me? Nan ne maganar takobi take rushewa, kuma nan nake so ki tsaya sosai. Musulmin farko basu ma shiga cikin mutane ba, sansani suka gina gefe guda, Basra da Kufa da Fusɗaɗ duk haka suka faro, mutanen ƙasa suna ƙauyukansu da limaman cocinsu da wutarsu ta Majusanci. Littattafan haraji da harshen Girka da Farisanci aka ci gaba da rubuta su har zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, wajen shekara sittin bayan an ci Sham, babban magatakardan Mu'awiya ma Kirista ne, Sarjun ɗan Mansur. Abin da zai ba ki mamaki, wasu gwamnonin Banu Umayya basu ma son mutane su musulunta da yawa, saboda duk wanda ya musulunta jiziyarsa ta faɗi baitulmali ya ragu. Hajjaju ɗan Yusuf a Iraƙi korar sabbin musulunta ya yi daga birane ya mayar da su ƙauyuka aka ci gaba da karɓar haraji a hannunsu. Sai da Umar ɗan Abdul'aziz ya hau a 717 ya hana, an ruwaito wani gwamnansa ya koka cewa kuɗin shiga na raguwa, ya ba shi amsa cewa Allah ya aiko Muhammadu mai shiryarwa ne ba mai karɓar haraji ba. Ki tambayi ƙaninki, hukumar da ke tilasta wa mutane shiga addini da takobi ita ce kuma za ta dinga kukan sun shiga da yawa?

Wani masanin tarihi Ba'amurke, Richard Bulliet, a 1979 ya bi sunayen kakannin malamai a littattafan tarihin maruwaita yana duba inda sunan Farisanci ya tsaya sunan Musulunci ya fara, ƙiyasinsa ya nuna wajen shekara ta 750, sama da shekara ɗari bayan an ci Farisa, Musulmi basu wuce kamar ɗaya cikin goma na mutanen Iran ba, sai a ƙarni na tara suka kai rabi. Ƙiyasi ne, ana jayayya a kan alƙalumansa, amma kan cewa abin a hankali ya tafi babu jayayya. Masar ma ɗaruruwan shekaru ta yi Kiristoci ne suka fi yawa, kuma har gobe ga Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, nan miliyoyi da majami'unsu, ga Kiristocin Labanan da Siriya da Iraƙi, ga ragowar Majusawa a garin Yazd na Iran.

To in ba takobi ba me ya sa jikokinsu suka shiga? Dalilan suna da yawa kuma ba duka bane na ruhi, bana so ki ƙawata masa. Akwai wanda saƙon ne ya shige shi, Allah ɗaya, babu ɗan tsakani, kalmar shahada kowa zai iya riƙewa, ga wanda kuma ya taso cikin rigimar malaman coci a kan yanayin Annabi Isa wannan sauƙi ne babba, sannan ba baƙon abu aka kawo masa ba, Ibrahim da Musa da Isa da Maryam duk ya tarar da su a Alƙur'ani. Akwai wanda maƙwabtaka ce da auratayya, uba Musulmi uwa Kirista 'ya'ya su tashi Musulmi. Akwai wanda ya bar ƙauye ya shigo birni neman abinci ya tarar rayuwar birnin duk a kan masallaci da kasuwa da Larabci take. Akwai wanda jiziya ce ta yi masa nauyi, ko yana son muƙami, ko ya gaji da zama ɗan ƙasa mai daraja ta biyu, domin gaskiya ne wanda ba Musulmi ba akwai ƙa'idojin da aka sa masa. Akwai bayin da aka kamo a yaƙi aka 'yanta suka zama mawali, wato 'yantattun da ke jingine da gidan wanda ya 'yanta su. Amma ki duba abin da ya biyo baya, ƙofar a buɗe take har sama, 'ya'yan waɗannan mutanen su suka zama malaman addinin. Hasanul Basari ɗan wanda aka kamo ne, Nafi'u malamin Imamu Malik bawan Ibnu Umar ne, Aɗa'u ɗan Abi Rabah baƙin mutum ne shi ke ba da fatawa a Makka, Abu Hanifa jinin Farisa ne, Bukhari kakan kakansa Bamajuse ne, Sibawaihi da ya tsara nahawun Larabci Bafarishe ne. Mutanen da aka danne aka cusa wa abu ba sa ba da rayuwarsu wajen tattara shi da tace shi haka.

Sannan ki ce ya ɗauko taswira. Indonesiya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya, wace rundunar Larabawa ce ta je can? Fatake ne da malamai, sarakunan bakin teku suka fara karɓa wajen ƙarni na goma sha uku. Gaɓar Afirka ta gabas haka. Mu nan ma haka, sarkin Takrur ya musulunta kafin 1040, sarkin Kanem a ƙarni na goma sha ɗaya, Kano kuma tarihinta ya ce Wangarawa ne suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji a ƙarni na goma sha huɗu suka kafa sallah da limanci, shekaru sama da ɗari huɗu kenan kafin jihadin Shehu na 1804. Fatake sun zo da rubutu da lissafi da shari'ar ciniki da ta sa mutumin Kano zai iya ba mutumin Ghadamis ta Libiya bashi ya kwana da kwanciyar hankali, sarakuna suka ga amfani, talakawa suka biyo sannu a hankali. A Indiya kuma Delhi ce cibiyar sarautar Musulmi ta ɗaruruwan shekaru amma kewayenta Hindu ne suka fi yawa har yau, inda Musulmi suka yi rinjaye can gefe ne, gabashin Bengal da yammacin Punjab, da takobi ne da akasin haka za a gani. Mongol kuwa su ne suka zo da takobin, suka rusa Bagadaza a 1258 suka kashe halifa, kafin shekara arba'in tattaɓa-kunnen sarkin da ya rusa ta, Ghazan, ya musulunta a 1295, mai nasara ya shiga addinin wanda ya ci da yaƙi.

An taɓa tilastawa? An taɓa. Sarakunan daular Muwahhidun a Magrib da Andalus a ƙarni na goma sha biyu sun matsa wa Yahudawa da Kiristoci su musulunta ko su bar ƙasa, Alhakim, sarkin daular Faɗimiyya a Masar, ya rusa majami'u. Ya faru, kuma saɓa wa "la ikraha fid din" (babu tilastawa a addini) ne da alƙawarin amana da aka yi wa mutanen, ba shi bane yadda akasarin al'ummomi suka shiga. Ki faɗa masa wannan da bakinki kafin ya gano da kansa a intanet ya ce kin ɓoye masa.

Yanzu abin yi. Ki same shi ku biyu, ba a gaban kowa ba, ki ce masa tambayar da ka yi min ta cancanci amsa kuma na je na nemo, sannan ki bar shi ya fara magana, ki tambaye shi a ina ya ji, malami ne a aji ko bidiyo ne ko aboki, kuma me ya fi tsaya masa. Sau da yawa maganar takobi ba ita ce ainihin damuwar ba, wataƙila an yi masa dariya a gaban mutane ya kasa kare kansa, wataƙila abin da ya gani na masu kashe mutane da sunan addini a ƙasar nan ne ya sa da aka ce masa haka abin yake tun asali sai ya ji kamar gaskiya ne. In wannan ne to maganarku daban ce kuma ta fi buƙatar haƙuri. Kar ki juye masa duk abin da na rubuta a zama ɗaya, ki ba shi bambancin nan na mulki da musulunta da labarin Umar ɗan Abdul'aziz, ki ce ya je ya bincika da kansa ko ƙarya ne, ɗan jami'a ne, zai fi riƙe abin da ya tono da hannunsa. In ya kawo abin da ya fi ƙarfinki ki ce ban sani ba mu nema tare, ku nemi malamin da ya san sira da tarihi kuma yake da sanyin rai, ba wanda zai fara da kafirta shi ba, a sashen tarihi ko na nazarin addinin Musulunci na jami'arsu ma ba za a rasa ba.

Baba kuma kar ki tunkare shi da gardama, tsoro ne irin naki ya sa shi faɗin haka. Ki bi ta wajen Mama ko wani kawu da yake jin maganarsa, a nuna masa yaron bai bar sallah ba tambaya ya yi, kuma cire shi daga makaranta ba zai cire tambayar daga kansa ba, wayar da ya gani a ciki tana aljihunsa ko a gida ko a makaranta, sai dai a ƙara masa haushi da zaman banza. In Baba ya sauko, a roƙe shi shi da kansa ya kira yaron su tafi masallaci tare ko sallar magariba ce, ba sai ya tayar da maganar ba. Ke kuma ki yi ƙoƙari ku yi zaman nan kafin hutun ya ƙare, kar ya koma makaranta kuna wannan shirun. Allah ya shirya mana zuri'a, ki sanar da ni yadda kuka yi.